Wasiƙa Zuwa Debrecen a Kan Sándor Korda

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da karatu da sanyin Debrecen da ka ce yana ratsa ƙashi. Shirunka ya yi yawa, amma ba zan tsaya ƙorafi ba, domin buƙata ce ta kawo ni, kuma mai buƙata ba ya fara magana da faɗa. A wannan zangon an ɗora mini darasin tarihin silima, na shirya nuna wa ɗalibai yadda Turawan mulkin mallaka suka riƙa siffanta mu a fim, sai bincike ya ja ni har ƙasar da kake zaune. Can na ci karo da wani mutum da har yanzu na rasa ma'aunin da zan auna shi da shi, wato Sándor Korda, wanda duniya ta fi sani da Alexander Korda.

An haife shi a 1893 a wani ɗan ƙauye kusa da garin Túrkeve, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasar gabashin Hangari, wadda na tabbata kana ratsa irinta a jirgin ƙasa duk lokacin da za ka Budapest. Iyayensa Yahudawa ne, sunan gidansu Kellner, mahaifinsa kuma mai kula da gandun wani attajiri ne. Yana ɗan shekara 13 mahaifin ya rasu, ya bar shi da ƙanne biyu maza, Zoltán da Vince, waɗanda daga baya ya ja su duka cikin sana'ar fim. Ya koma Budapest, ya shiga aikin jarida tun yana saurayi, ya riƙa fitar da mujallun silima irin su Pesti Mozi da Mozihét, kuma ta wannan ƙofa ya shiga harkar. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ba a ɗauke shi soja ba saboda raunin idanunsa, yaƙin kuma ya toshe hanyar finafinan Faransa da na sauran ƙasashen da ake gaba da su, sai kasuwa ta buɗe wa 'yan gida. Korda ya ga wannan dama tun da wuri, bai kuwa yi sanya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a shekarunsa na gida shi ne garin Kolozsvár, wanda yau ake kira Cluj a ƙasar Romaniya. Akwai wani shugaban gidan wasan kwaikwayo a can mai suna Jenő Janovics, wanda ya fahimci cewa 'yan wasansa na dandamali da littattafan adabin ƙasar su ne jarin da za a gina fim a kansu. Da farko ya ɗauki Mihály Kertész aiki, wanda daga baya ya zama Michael Curtiz, daraktan Casablanca, sannan a 1916 ya ɗauko Korda. Ka duba ikon Allah, gari guda da ba babban birni ba ya yaye mutum biyu irin waɗannan. Korda bai daɗe a ƙarƙashin kowa ba, halinsa ke nan har ya mutu. A 1917 ya koma Budapest da kamfanin Corvin a hannunsa, ya gina masa ɗakin ɗaukar fim, alhali bai cika shekara 25 ba.

Ya shirya finafinai fiye da ashirin kafin ya bar ƙasar, dukkansu marasa sauti, mafi yawansu kuma sun ɓace. Wanda ya tsira ya yi suna shi ne Az aranyember na 1918, daga littafin Mór Jókai, labarin wani ma'aikacin jirgin ruwa a kogin Danube da dukiyar wani babban Baturke mai gudun hijira ta faɗo hannunsa, ya auri 'yarsa, ya yi arziki, sannan ya kafa wani gida na biyu a ɓoye a wani tsibiri. Roƙona gare ka shi ne ka bincika mini ko ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Budapest tana sayar da shi da fassarar Turanci a ƙasan hoto. Idan za ka tambaya ka ce Korda Sándor, tunda su sunan gida suke gabatarwa. Na san za ka ce jarrabawa ta sha maka kai, amma wanda ya sami sukunin aiko mana da hotunansa cikin dusar ƙanƙara da wannan hula mai kunnuwa ba zai rasa yini guda ba.

Shekarar 1919 ce ta raba shi da ƙasarsa. Daular Ostiriya da Hangari ta riga ta rushe a ƙarshen 1918, 'yan gurguzu ƙarƙashin Béla Kun suka karɓi mulki a watan Maris, suka mayar da masana'antar fim mallakar gwamnati watanni kafin Rasha kanta ta yi haka, Korda kuma yana cikin waɗanda aka damƙa wa tafiyar da ita. Gwamnatin ta yi kwana 133 kacal ta faɗi. Da mutanen Miklós Horthy, jagoran masu adawa da gurguzu, suka zo suka shiga farautar 'yan gurguzu da Yahudawa, sai aka kama shi, da ƙyar aka sake shi, ya tsallaka Viyana tare da matarsa, 'yar wasa María Corda, bai sake shirya fim a Hangari ba. Daga nan sai yawo: Viyana, Barlin, Hollywood inda zaman bai yi masa daɗi ba kuma aurensa ya mutu, sannan Faransa inda ya yi Marius a 1931.

A Landan ya kafa London Films a 1932, shekara guda bayan haka ya fito da The Private Life of Henry VIII. Na kalli wurin da Charles Laughton yake zaune a teburin sarauta yana yagar kaza da hannu, yana jefa ƙasusuwan ta bayan kafaɗarsa, yana kuma kukan cewa ladabi ya ƙare a duniya, na gane dalilin da ya sa Amurkawa suka yi tururuwa zuwa kallonsa. Laughton ya ci kyautar Oscar, kamfanin inshora na Prudential ya zuba wa Korda kuɗi, ya gina katafaren ɗakin fim na Denham a 1936.

To, a nan damuwata take. A 1935 kamfaninsa ya fitar da Sanders of the River, shi ne furodusa, ƙanensa Zoltán darakta, daga labaran Edgar Wallace, an kuma ce a Nijeriya labarin yake faruwa. Baturen mulki ne guda yake riƙe da al'ummu masu yawa kamar uba da 'ya'yansa ƙanana, da zarar ya tafi hutu sai ƙasa ta rikice, ba ta kuma lafa ba sai da ya dawo da bindiga mai jigida. Paul Robeson, babban mawaƙin nan baƙar fata na Amurka, shi ya fito a matsayin sarki Bosambo, sanye da fatar damisa, yana tuƙa kwalekwale yana rera waƙar yabon Baturen. Ya yarda ya shiga ne bayan ya ga hotunan raye-raye da kiɗe-kiɗen da Zoltán ya ɗauko daga Afirka, yana zaton za a mutunta nahiyar, da ya ga abin da aka haɗa a ƙarshe sai ya barranta da fim ɗin. Orlando Martins ɗan Legas yana ciki, haka ma Jomo Kenyatta, wanda a lokacin yake zaune a Landan, ya fito cikin 'yan cika fage.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutumin da ya ga daula ta rushe a gaban idonsa, aka tsare shi saboda siyasa da asalinsa, shi ne ya zama babban maroƙin wata daular. Bai tsaya a nan ba, ya ƙara da The Drum a kan Indiya da The Four Feathers na 1939 da aka ɗauka a Sudan. Wasu za su ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, baƙo ne mai neman wurin zama, kuɗin kuma na masu gida ne. Akwai gaskiya a ciki, domin ya karɓi takardar zama ɗan Birtaniya a 1936, a 1942 kuma aka ba shi sarautar Sir, shi ne mai shirya fim na farko da ya same ta. Amma ni ban yarda tilas ce kaɗai ba. A ganina ya ƙaunaci daular Ingila da zuciya ɗaya, yadda wanda ya rasa gida yake ƙaunar gidan da ya karɓe shi, kuma bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa ake dannewa a ƙarƙashinta ba. Na yanke shawarar zan nuna wa ɗalibai Sanders of the River gaba ɗaya ba tare da na yanke komai ba, sannan in biyo shi da The Third Man na 1949, fim ɗin da ya sha yabo sosai wanda kamfaninsa ya shirya, domin su ga hannu guda ne ya ɗauki nauyin duka biyun.

Ya rasu a Landan a watan Janairun 1956, bayan kamfanin British Lion da ya riƙe ya durƙushe da bashin gwamnati na fam miliyan 3. A garin Etyek, yamma da Budapest, akwai babban ɗakin fim da aka buɗe a 2007 da sunansa. Ina so ka tambayi abokan karatunka 'yan ƙasar ko suna ɗaukarsa nasu ne, ko kuwa Baturen Ingila da aka haifa a wurinsu, ka kuma tambaye su ko sun taɓa jin labarin Sanders.

Mutanen gida duk suna lafiya. Hajiya ta ce in tambaye ka ko yajin da ta aika ya iso, angon bara kuma yana gaishe ka, har yanzu bai dawo majalisa ba. Ka gaida 'yan'uwanmu da ke can. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa, ya dawo mana da kai lafiya.

Wassalam,
Naka, amininka.