Godiya ga sashen hoto na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in yi godiya a bainar jama'a ga ma'aikatan sashen hoto na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, musamman matashin likitan da ya duba hoton gwiwar mahaifina.

Baba ya haura shekara 70. Gwiwarsa takan kumbura haka kawai, ta yi zafi rau, har salla ta koma a zaune. Mun sha yawo. Mai kemis ya ce sanyi ne, ya dinga ɗirka masa allurar kashe zafi. A wani asibitin kuɗi kuma aka ɗaga hoton sama, aka ce babu karaya, tsufa ne, a yi haƙuri. Ko taɓa gwiwar ba a yi ba.

Wannan bawan Allah kuwa kujera ya jawo, ya ce, "Baba, ku matso ku gani da idonku." Ya nuna mana wani siririn farin layi tsakanin ƙasusuwan gwiwa, kamar an ja shi da alli. Ya ce guringuntsi ba ya fitowa a hoto, gurbinsa duhu ne, to idan ya yi fari haka, ƙananan duwatsun kalsiyam ne suka taru a ciki, kuma an fi ganinsu a gwiwa da wuyan hannun tsofaffi. Ya bambanta mana wannan ciwo na Baba da ciwon gaut, wanda sinadarin yurik ke jawowa, ya fi kama babban yatsan ƙafa, sai ya daɗe hoto ke nuna ramukan da ya ci a gefen ƙashi. Maganin rage yurik ba zai amfani Baba ba. Bai tsaya kan hoto kaɗai ba, ya tura mu aka zuƙi ruwan gwiwar aka auna, aka ga duwatsun, aka tabbatar babu ƙwayar cuta. Ya kuma gargaɗe mu kan yawan allurar nan saboda ƙoda. Allah ya saka masa da alheri, ya jiƙan magabatansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, gidajen hoto sun cika gari, na'ura sabuwa fil, amma babu ƙwararren mai karantawa. A karɓi kuɗinka, a miƙo maka ambulan, a kira na gaba. Ina roƙon hukumomin lafiya su riƙa bincikar wa ke rubuta sakamako a irin waɗannan wurare kafin su ba da lasisi.

Daga wani mazaunin Kano