Godiya ga Sashen Cutar Daji na Asibitin da Ke Jinyar Ƙanena

Assalamu alaikum.

Na ga ya dace in yi muku godiya a bainar jama'a, don mun sha wuya kafin mu iso gare ku. Ƙanena, ɗan shekara 16, kumburi ya fito masa a saman gwiwa. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya yi ta murza. Wani asibitin kuɗi kuma allurai suka yi ta ɗirka masa, ko hoton ƙafar ba su ɗauka ba. Sai a wurinku aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce sankarar ƙashi ce, wadda likitoci ke kira osteosarcoma.

Awo da magani duk sun tafi daidai. Amma wata matashiyar likita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Na tambaye ta dalilin ɗaukar hoton ƙirji alhali ƙafa ce ke ciwo, ta ce ai cutar nan ta fi tsallakawa zuwa huhu. Sai na nuna mata abin da na karanto a waya kan RNA mai siffar zobe (RNA wani sinadari ne a cikin ƙwayoyin halittar jiki), ina jiran a ce da ni, "Kai ne likitan ko ni?" Ina! Kujera ta jawo, ta juya takardar awo, ta zana layi da da'ira. Ta ce RNA da aka saba da ita baki biyu gare ta, ta nan sinadaran jiki ke cinye ta. Mai siffar zoben kuwa bakinta a haɗe yake, shi ya sa take daɗewa. Wasu irinta kamar soso suke, sai su tsotse ƙananan RNA masu hana ƙwayoyin daji bazuwa. Har ta kawo misalin wata mai zoben da ake kira ciRS-7, wadda aka bayyana aikinta a 2013, mai gurbi sama da 70 na riƙe miR-7, ɗaya daga cikin ƙananan RNA ɗin nan.

Sannan ta dube ni ta ce, "Malam, wannan fa har yanzu a ɗakin bincike yake. Kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunansa. Abin da ke hannunmu shi ne tiyata da magunguna irin su cisplatin da doxorubicin." Allah Ya saka mata da alheri, Ya yi wa iyayenta albarka.

Abin takaici, a wurare da dama tambaya ma laifi ce. Ka wuni a layi, a ce fayil ya ɓata, likita ya rubuta magani ko kai bai ɗago ba, mai jinya kuma a yi ta daka masa tsawa gaban mara lafiyarsa. Hukumomin lafiya na jihohinmu sun san da wannan sarai.

Naku,
Yayan majinyaci