Wasiƙar Godiya ga Sashen Cututtukan Fata na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano

Zuwa ga Shugaban Sashe, likitoci da ma'aikatan jinya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto a madadin iyalinmu domin mu gode muku a bainar jama'a kan kulawar da kuka yi wa yayata, wadda ta daɗe tana fama da ƙuraje da raɗaɗi a kumatu da hanci, ga kuma ƙaiƙayin ido kamar an zuba mata yashi.

Kowa a gida ya ɗauka ƙurajen balaga ne, alhali ta haura shekara 40. Ku ne kuka gano cewa rosashiya ce, wato wata cutar fata mai daɗewa da ta fi kama fuska, kuka kuma fahimtar da mu cewa jan fuskar da ake gane cutar da shi a jikin Turawa ba ya fitowa sarai a baƙar fata, shi ya sa ake yawan ɗaukarta a matsayin wata cutar daban.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne ba ku yi mata alkawarin ƙarya ba. Kun faɗa mata cewa ciwon ba ya warkewa kwata-kwata amma ana shawo kansa, ba a ɗaukarsa daga wani, kuma ba ƙazanta ce ke kawo shi ba, maganar da ta sauke mata nauyin kunyar shiga cikin mata a gidan biki. Kun kuma nuna mata cewa man da aka sayar mata a kasuwa yana ɗauke da wani sinadarin magani mai suna sitiroyid, irin wanda ake samu a mayukan bilicin da dama, wanda ke kwantar da ƙurajen na ɗan lokaci sannan su dawo da ƙarfi. Kun raba ta da shi, kuka rubuta mata man metronidazole da ƙwayar doxycycline, bayan kun tabbatar ba ta da juna biyu.

Sana'arta tuyar ƙosai ce, kuma zafin wuta na cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Ba ku ce ta bar abin da take ciyar da 'ya'yanta da shi ba. Kun shawarce ta da ta riƙa ja baya daga murhu, ta bar shayi ya huce kafin ta sha, ta rage yaji, ta kuma shafa man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama da haka. Yanzu raɗaɗin ya lafa, ƙurajen sun ragu ƙwarai, kuma tana zuwa ganin likita a ranakun da kuka sa mata.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sashen ɗaukaka.

Taku,
Ƙanwar majinyaciya, daga Kano