Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗan abokina da ya kama sunana a rediyo

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan ka koma Yamai lafiya. Ranar da kuka yi muhawara kan rashin aikin matasa a wani gidan rediyo nan Tawa, ina Galmi wajen lodi, sai ƴan dakona suka kunna mini muryarka a waya. Ka ce Alhaji ya shekara 30 yana fitar da albasa, shin yana biyan yaransa mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka? Ina masana'antar da ya gina? Ka rufe da cewa irinmu ne ke kora samarin Adar zuwa Libiya da Aljeriya.

Ta ƙarshen nan ce ta hana ni barci. Ni ma ɗan bida ne. Tun ba a haife ka ba muka sauka Abijan ni da mahaifinka, muna talla da kaya a ka, mu tara a ɗaki guda. Tambaye shi wa ya biya masa kuɗin mota ya dawo gida da ciwo ya kwantar da shi can. Kuma ɗan ƙanena ya bi hanyar Agadas shekara huɗu ke nan, har yau in waya ta yi ƙara uwarsa sai ta zabura. Mai irin wannan gyambo a gidansa ne ka ce yana kora ƴaƴan mutane cikin hamada, duk Tawa na ji.

Abin da ke tafiyar da su kowa a Adar ya san shi. Albasa aikin ƴan watanni ce. Daga dashe zuwa cira akwai ban ruwa, akwai yankan ganye, tsince ruɓaɓɓa, ɗinkin buhu, dako, har sai mun nemi hannu mun rasa. Ana gama lodin ƙarshe sai wurin ya yi tsit. Saurayi ya zauna fada yana shan shayi wata ɗaya, wata biyu, ga aure yana so, ga abokinsa ya dawo daga bida da babur sabo. Ni na hana ƙasar nan aikin da zai riƙe shi sauran watannin?

Zancen albashi kuwa, na san tun farkon 2024 an ɗaga shi daga jika 30 da ƴan kai zuwa jika 42, kuma na yi murna. Direbana da mai gadin sito suna karɓar abin da ya fi haka. Ɗan dako kan buhu ake biyansa, kuɗinsa a hannu kafin magariba. In ka ce ya jira ƙarshen wata, gobe ba ka ganinsa.

Sai masana'anta. Da baki ai ko ni na gina goma. Na taɓa ɗaukar takardu zuwa wani banki don in kafa wurin busar da albasa da ɗakin sanyi, tunda a rudu, rumbun da muke ajiye albasa, kana gani tsibi yana raguwa, ƙasa na baƙi, wari na tashi, kafin farashi ya hau wani kaso ya tafi juji. Suka nemi takardar gidana jingina, da ruwan da ko albasar zinariya ce ba ta biya. Ɗakin sanyi kuma da wace wuta? Ka manta duhun da muka sha da Najeriya ta yanke lantarki a 2023? Tun Yulin shekarar aka rufe gadar Gaya ta iyakarmu da Benin. Motata guda ta yi kwanaki a hanya tana zagaye, da aka buɗe tamfol ruwa ke ɗiga daga buhuna, direba ya kira ni yana kuka.

Ba na raina abin da ake yi. Da aka rage kuɗin siminti a 2024, ga kamfanin siminti na Malbaza kusa da mu, na ƙara ɗaki biyu a sito, magina sun ci abinci. Amma ku masu boko in kun ce masana'antu, idonku na kan bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, da matatar Damagaram mai ganga 20,000 a rana, da yuraniyom na Arlit. Madalla da su. Sai dai bututu in an gama binne shi mutum nawa yake ɗauka? Daga Madawa zuwa Ƙonni, ƙirga gidajen da ke ci daga albasa, sannan ka gaya mini sau nawa ka ji an zauna a Yamai kan bashin manomi ko kuɗin da ake tatsarmu shinge bayan shinge.

Na ji an ce ƙungiyarku na neman a san da ita, kuma sunan ɗan kasuwa ya fi saurin tara masu saurare. Ba laifi, kowa da kasuwarsa. Ku dai taronku a otal ne, da sanyi da kuɗin zama, ban kuma ji ka faɗi nawa ake biyan yaron da ke share muku ofis ba.

In za ka zo Galmi lokacin cira, ka bar kwat a gida, ka zo tun asuba. Zan buɗe maka littafin biya, in bar ka da ƴan dako ba tare da ni ba. Ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce ban kai masa ƙara ba don na san ba shi ya aiko ka ba.

Naka, baban nan naka mai albasa,
Tawa