Wasiƙa daga Maraɗi, kan ciwon Auta

Assalamu alaikum mutumina,

Ina gajiya, ina sanyin ƙasar mutane? Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba ka ji ɗuriyata ba. Saƙonka na WhatsApp ya iso, har da tambayar filin nan na hanyar Ɗan Isa, sai wani lokaci mu yi maganarta. Auta ne ya ɗauke mini hankali.

Tun bayan ƙaramar salla barci ya ƙaurace masa. Ya rufe shagon ɗinki, ya koma zaure yana magana shi kaɗai, wai ana kiran sunansa ta bayan katanga. Inna ta ce iska ce. Aka yi ruƙiyya, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, ban hana ba. Amma ranar da Kawu ya kawo zancen a kira maƙeri a sa masa mari, na ce sai dai bayan raina.

Wanda ya fara gane bakin zaren wani matashi ne, masanin halayyar ɗan Adam, da ya yi karatu a jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai. Yana aiki da mutanen da ƴan bindiga suka koro daga Zamfara da Sakkwato zuwa wajen Gidan Rumji tun 2019. Ya zo gida, ya tuɓe takalmi, ya zauna kan tabarma ɗaya da Auta har awa biyu, bai ɗaga murya ba. Yaron da ya ƙi karɓar ko ruwa a hannunmu, sai ga shi ya karɓi kofin shayi a hannun baƙo. Da muka fito waje ya ce mini ciwo ne mai magani, har ya faɗi irin maganin. Na zaro biro da takarda na miƙa masa. Ya mayar mini da su, ya ce doka ba ta ba shi ikon rubuta magani ba.

Wallahi a daren nan ban runtsa ba. Kwana tara muka yi muna kai da kawowa kafin mu ga wanda ke da ikon. Wasu suka ce mu wuce Yamai kawai. Kilomita sama da 600 a bas, da mara lafiyar da ba ya iya zama wuri guda! Mu ke nan da muke cikin gari. Ka tuna da talakan ƙauyen Dakwaro ko Mayahi, shi ina zai dosa? Kuma duk safiyar da muka bi ta tasha, ga yaro da tire a ka, tramol da ƙwayar barci jere kamar alewa, ba ya tambayar kowa takarda. Wanda ya san ciwo an ɗaure masa hannu, mai tire yana cin kasuwarsa.

Matashin ne ya ba ni labarin can Amurka inda kake. Jihar Niyu Meksiko ce ta fara ba irinsu izinin rubuta magani a 2002, saboda ƙauyukanta masu nisa ba su da likitocin ƙwaƙwalwa. Luwiziyana ta bi a 2004, Ilinoi a 2014, sannan Ayowa da Aidaho. Tun kafin nan ma sojojin Amurka sun gwada a shekarun 1990, suka horar da mutum goma. Kuma ba haka kawai ake miƙa wa mutum alƙalami ba. A Niyu Meksiko, bayan digirin dakta sai ya ƙara awa 450 a aji kan magani da aikin jiki, ya duba marasa lafiya aƙalla 100 ana sa masa ido, sannan ya yi shekara biyu yana rubutawa a ƙarƙashin likita.

Kai kuwa shekara nawa kana cika mu da labarin Amurka, daga tsawon bene sai faɗin titi, wannan ba ka taɓa faɗa ba. Na ga hoton salla, wannan tumbin fa? Ƴan fada sun ce in ka dawo kabu-kabu biyu za a tarar maka. Mai shayinmu ya ƙara aure, ya kuma ƙara kuɗin kofi a sati guda. Gulbi ya kawo ruwa sosai bana, masu gonakin fadama suna ta hamdala.

To, manjon nan, babban ma'aikacin jinya abokin yayana, ya ja da ni sosai kan a ba irin matashin nan ikon rubuta magani, kuma ban raina maganarsa ba, don na gani da idona. Kwana uku da fara shan Haldol, maganin da aka rubuta masa, wuyan Auta ya murɗe gefe guda, harshe ya yi masa nauyi, yawu na zuba. Inna ta fasa kuka, ta ce ga abin da ta guda. Ashe aikin maganin ne, da aka haɗa masa da wani magani, Artan, ya saki. Manjo ya ce wanda bai karanci hanta da ƙoda da hawan jini ba, zai iya kashe mutum da kyakkyawar niyya. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri tun 2008 na koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci duba irin wannan ciwo, a bi wannan hanya. Na ce a bi, amma shi da kansa, lokacin masassarar damina, minti nawa yake ba mutum ɗaya? Ciwon Auta sai da aka zauna awa biyu aka gane shi. Ni dai ina nan kan bakana: a ɗauki waɗannan matasa, a koya musu aikin jiki da na magani yadda ya kamata, a iyakance musu ƴan magungunan da za su rubuta, a haɗa kowanne da likitan da zai riƙa kira a waya. Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a nan gida tana koyar da likitanci, me zai hana?

Don Allah in akwai irin waɗannan masana kusa da kai, ka tambayo mini yadda suke aiki da likitoci, ina son in kai wa manjo.

Auta yana barci yanzu. Jiya ya buɗe shago, ya yi wa Inna ɗinkin bakin zane, hannun na ɗan rawa amma ya gama. Ya ce in gaishe ka, kuma yana nan yana jiran almakashin da ka yi masa alkawari. Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.