Zuwa ga Ɗana, a kan Sarakunan da Suka Fara da Kyau

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Saƙonka ya iso, na ji an ɗora maka koyar da matasan ikilisiyarku tarihin sarakunan Isra'ila, har kana shirin raba su gida biyu, nagari da mugaye. Rabon ba laifi, amma in ka tsaya nan kawai, yaran za su haddace sunaye su tashi hannu rabbana.

Fara shimfiɗa musu ƙasar. Bayan rasuwar Sulemanu, wajen shekara ta 930 kafin haihuwar Almasihu, mulki ya tsage. Kabila goma suka bi Yerobowam a arewa, su ake kira Isra'ila, har Assuriyawa suka ci Samariya a 722. Kudu kuwa, wato Yahuza, ta zauna a hannun zuriyar Dawuda har Babila ta rushe Urushalima a 586. Arewa ta yi sarakuna 19, babu ko ɗaya da aka yi wa shaidar ya bi Ubangiji da zuciya ɗaya. Ka riƙa karanta littattafan Sarakuna da na Tarihi gefe da gefe, don abin da wannan ya taƙaita wancan ya buɗe shi. Ka kuma lura da sunaye: Yerobowam biyu ne, Yowash ma biyu, ɗaya a arewa ɗaya a kudu, kuma Uzziya shi ne dai Azariya. Malami ya rikice a nan, ajin ya watse.

Na arewa ba za su ci maka lokaci ba. Ciwonsu ɗaya ne, Yerobowam ya shuka shi. Ya ji tsoron idan jama'a suka ci gaba da zuwa Haikali a Urushalima zuciyarsu za ta koma gidan Dawuda, sai ya ƙera maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel ɗaya a Dan, ya naɗa firistoci waɗanda ba Lawiyawa ba, ya ƙago idi a rana ta 15 ga wata na takwas. Addinin kare kujera ke nan, saura kuma suka gaje shi. Inda nake so ka daɗe shi ne wajen mutanen kirki na Yahuza, domin su ne suka yi kama da kai.

Ɗauki Asa. Shekara 41 ya yi yana sarauta. Da farko har kakarsa Ma'aka ya tuɓe daga matsayin uwar sarki saboda gunkin da ta yi, ka san ba ƙaramin mutum ke iya wannan ba. Da Zera Bakushe ya zo masa da rundunar da ta fi ƙarfinsa a Maresha, ya yi kuka ga Allah, ya ci nasara. Can a shekara ta 36 sai Ba'asha na Isra'ila ya fara gina Rama don ya tare hanyar shiga da fita. Wannan karon Asa bai yi addu'a ba. Ya kwashi azurfa da zinariya daga taskar Haikali da ta fada ya aika wa Ben-hadad sarkin Suriya a Dimashƙu ya sayi taimako. To, ga abin da zan so ka nuna wa yaran da kyau: dabarar ta ci. Ba'asha ya bar aikin, Asa ya kwashe duwatsun da katakon ya gina Geba da Mizfa. A idon ɗan siyasa, sarki ya yi wayo. Amma da Hanani maigani, wato annabi, ya zo ya tuna masa wanda ya cece shi a Maresha, sai ya husata ya jefa shi kurkuku, ya kuma shiga gallaza wa waɗansu talakawa. Shekara uku bayan haka ciwon ƙafa ya kama shi, ko a nan ma masu magani kaɗai ya nema. Kada wani ya ce maka an hana zuwa asibiti ne. Laifinsa shi ne ya saba da warware komai ba tare da ya ɗaga kai sama ba.

Sai Yowash na Yahuza, wanda labarinsa ya fi taɓa ni a matsayin uba. Kakarsa Ataliya ta karkashe 'ya'yan sarauta, gwaggonsa Yehosheba ta sace shi yana jariri, aka ɓoye shi shekara 6 a cikin Haikali. Yana ɗan shekara 7 Yehoyada firist ya naɗa shi. Shi ne ya gyara Haikali, kuma yadda ya yi da kuɗin abin koyi ne ga duk mai riƙe baiko. Da farko an bar tarawa a hannun firistoci, har shekara ta 23 ta sarautarsa ko tsaga ɗaya ba a liƙe ba. Sai aka kawo akwati aka huda murfinsa, aka ajiye kusa da bagade. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga, su ɗaure a jaka, a miƙa wa masu lura da aiki su biya massassaƙa da magina. Mutum biyu daga ɓangare biyu, kuɗi kuma ba ya kwana a aljihun kowa. Ranar da aka ba ka ajiyar kuɗin zumunta, haka za ka yi, ko da an ce an yarda da kai.

Yehoyada ya rasu yana da shekara 130. Ana gama makoki manyan Yahuza suka zo suka faɗi gaban sarki suna fadanci, ya saurare su, aka koma ga gumaka. Zakariya ɗan Yehoyada ya miƙe ya tsawata, sai sarki ya ba da umarni aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin da ya ɓoye shi yana yaro. Ɗan mutumin da ya raine shi fa. A ƙarshe barorinsa suka kashe shi a kan gadonsa, ba a ma binne shi a makabartar sarakuna ba. Ashe duk shekarun nan bangaskiyarsa jingine take da tsohon firist, aka janye bangon sai ta faɗi. Kai ma a gidan addu'a ka tashi, an tashe ka sujadar asuba tun ba ka san ma'anarta ba. Yanzu da babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, ka binciki kanka ka ga wanne ne naka, wanne ne aro daga wurinmu.

Uzziya ya hau yana ɗan shekara 16, ya yi 52. Mutum ne mai son noma, ya haƙa rijiyoyi, ya gina hasumiyoyi, ya sa gwanaye suka ƙera na'urorin harba kibau da manyan duwatsu daga kan garu. Da ƙarfi ya zo, girman kai ya biyo baya. Ya shiga Haikali zai ƙona turare, aikin da zuriyar Haruna kaɗai aka keɓe wa. Azariya firist, takwaran sarkin, da waɗansu firistoci 80 suka bi shi suka ce ya fita. Da ya juya a lokacin, wataƙila da magana ta mutu. Yana riƙe da kaskon turare yana ta faɗa da su, kuturta ta fito masa a goshi. Sauran kwanakinsa a keɓaɓɓen gida ya ƙare su, ɗansa Yotam na riƙon ƙasa.

Ka ga su ukun nan, kowanne an aiko masa da mai faɗa masa gaskiya kafin hukunci ya sauka. Nan ne za ka kawo Dawuda. In zunubi za a auna, nasa ya fi na Asa muni nesa ba kusa ba: ya ɗauke matar Uriya Bahitte, ya sa aka kashe mijin a bakin daga. Amma da annabi Natan ya nuna shi da yatsa, bai kira dogarai ba, ya amsa laifinsa nan take. Saul kuwa, da annabi Sama'ila ya tambaye shi kukan tumakin ganimar da aka umarce shi ya hallaka, sai ya ɗora wa jama'a, ƙarshe ma roƙonsa shi ne a girmama shi a gaban dattawa. Ka sa yaran su karanta 1 Sama'ila 15 da 2 Sama'ila 12 a zama ɗaya, kada ka yi musu bayani, su da kansu za su gani.

Kada ka rufe darasin ba ka taɓa Manassa sarkin Yahuza ba, don akwai yaron da zai zauna a baya yana ganin shi tasa ta riga ta ƙare. Shekara 55 ya yi, ya fi kowa daɗewa, ya miƙa 'ya'yansa hadaya ta wuta, ya cika Urushalima da jinin marasa laifi. Assuriyawa suka ja shi da ƙugiya zuwa Babila, can ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya ji shi ya komo da shi. Wannan a 2 Tarihi 33 za ka same shi, littafin Sarakuna bai kawo ba. Sai dai ka faɗa musu sauran: ɗansa Amon ya ɗauki halin uban na da, ya bar na bayan tuba, shekara 2 kacal fadawansa suka kashe shi. Yosiya jikan Manassa ne ya zo ya sha wahalar share ɓarnar.

Ka ce mini akwai dattijon da ya yi maka gyara a gaban mutane makon jiya, har yanzu ba ka gaishe shi ba. Ko da bai iya magana ba, je ka same shi kafin ranar Lahadi, ka zauna ka ji abin da ya gani. Bayan nan sai ka tsaya gaban yara ka koyar da Asa.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce kada ka manta da maganar zuwa Kirsimeti.

Ni ne,
Mahaifinka