Wasiƙa zuwa ga aminina a kan hayaƙin gobarar daji

Assalamu alaikum, mutumina.

Ashe kana nan da ranka? Ba kira ba saƙo, sai da hayaƙi ya turnuƙe muku gari ka tuna kana da aboki. Na ga hoton, rana ja wur da tsakar rana, kuma ka ce autanka na tari cikin dare. Wannan tarin ne ya dame ni, musamman da yake yana da asma.

Tokar da ke sauka a kan mota ba ita ce abin tsoro ba, hanci na tare mafi yawanta. Illar tana cikin ƙwayoyin da ido ba ya gani, waɗanda ake kira PM2.5. Kaurin gashin kai ya ninka nasu wajen sau 30. Suna wucewa har can ƙasan huhu, mafi ƙanƙanta su shiga jini, shi ya sa bayan tari suke tayar da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa iyakar yini ɗaya a maikurogiram 15 cikin kowace mita kubik ta iska, amma ranar hayaƙi mai kauri sai a ga ɗaruruwa.

Don haka ka dinga duba AQI, wato ma'aunin gurɓatar iska, a wayarka kowace safiya. In ya haura 100, yaron ya zauna a gida; in ya haura 150, har kai gwanin motsa jiki ka haƙura da gudun nan naka, wanda dama ba mu taɓa ganin amfaninsa a tumbinka ba. Ku ware ɗaki ɗaya, a rufe tagogi, a toshe ƙasan ƙofa, a kunna na'urar tace iska mai HEPA (matacin da ke kama ƙananan ƙwayoyin nan) dare da rana. Kada a kunna kyandir ko a sha taba a ciki. A mota, danna maɓallin da ke juya iskar ciki. In fita ta zama dole, takunkumin N95, kuma ya manne da fuska. Da wannan gemun naka iska za ta bi ta gefe. Jiƙaƙƙen hankici ba ya tare komai na kirki. Abin shaƙar maganin asmar yaron ya kwana kusa da shi, in kuwa numfashi ya hana shi magana ko leɓensa ya sauya launi, asibiti nan take.

Ka ce wutar na nesa da ku, amma nisa ba ya tare hayaƙi. A 2023 gobarar Kanada ta cinye sama da hekta miliyan 15, hayaƙinta ya rufe New York a watan Yuni, har ya ƙetare teku zuwa Turai. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin ɗari, sai ta tsotse shi daga ciyawa da itatuwa. Daji ya bushe da wuri, lokacin gobara ya tsawaita. Na'urar tace iskar nan ka saya ta mai ƙwari, za ka sake buƙatarta.

   Ka gaida uwargida da yara.

Naka har kullum.